Ɗan Tsinken Nan Na Jikin Mitar Mota

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba a mota ya san allon nan da ke bayan sitiyari, inda allurar gudu da ta mai suke. To idan ka ƙura masa ido, za ka ga wani ɗan tsinke baƙi ya leƙo ta jikin gilashin, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A wasu motocin kuma maɓalli ne a gefe, an rubuta TRIP a kansa. Kwanan baya na tambayi wasu 'yan ajinmu, har da masu zuwa makaranta da motar gida, ko mene ne aikinsa. Wani ya ce na saita agogo ne. Wani ya ce shi dai bai taɓa kai hannu wurin ba, kada ya je ya ɓata wa Baba mota. Mai cewa agogo bai yi nisa da gaskiya ba, don wasu motocin tsinke biyu gare su, ɗaya na agogon ne. Amma ɗayan, wanda nake magana a kansa, na wata ƙaramar mita ce da yawancinmu muke kallo kullum ba mu san da ita ba.

Ni ma ban san ta ba sai da na je SIWES a wani gareji bayan mun gama shekarar farko. Kuma sanin rabi-rabin da na yi mata da farko ya kusa raba wani bawan Allah da aikinsa na shekara tara. Zan zo kan wannan, amma sai na fara bayanin yadda abin yake aiki, in ba haka ba ba za a gane inda na yi kuskuren ba.

Mitar nisa iri biyu ce a mota. Akwai babba, wadda ake rubuta ODO a gefenta, ita ce masu saye da sayar da mota suke kira mileji. Tun ranar da mota ta fito daga kamfani take ƙirge, kuma ba a yi ta don a mayar da ita baya ba. Sai ƙarama, wadda a gareji muke ce wa tirif. Ita za ka gane ta da ɗigon da ke kafin lambarta ta ƙarshe, kamar 47.3, wato kilomita 47 da mita 300. Ita ce ɗan tsinken nan yake yi wa aiki: ka danna sau ɗaya ya sauya maka daga babba zuwa ƙarama, ka danna ka riƙe na ɗan lokaci sai ta koma 0.0. Yawancin motocin yanzu ƙananan biyu gare su, TRIP A da TRIP B, kowacce da lissafinta. Idan kana son kwatance, ka ɗauki carbin nan na zamani da ake saƙalawa a yatsa. Kana dannawa yana ƙirgawa, ka gama ka mayar da shi sifili ka sake sabon ƙirge. Babbar mita kuwa kamar shekarun mutum ce, gaba kawai take yi.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, daga babbar har ƙaramar babu wadda take ganin titi. Mota ba ta san Zariya ba, ba ta san Wudil ba. Juyin taya kawai take ƙirgawa, sai ta ninka da tsawon da aka gaya mata taya tana ci a juyi ɗaya. Duk amfanin mitar daga nan ya taso, duk ƙaryar da take yi ma daga nan ne.

Ogana na gareji yana da wata tsohuwar mitar Peugeot 504 da ya kwance ya ajiye a kan kanta, irin motocin nan da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da ita yake koya wa yara. A irin waɗannan motocin wani kebur ne yake tasowa daga giyabos ya zo har bayan allon. A cikin kebur ɗin akwai wata waya mai lanƙwasuwa da take juyawa daidai da yadda tayoyi suke juyawa. Idan ta iso allon sai ta yi aiki biyu. Na farko, tana juya wani ɗan maganaɗisu, shi kuma yana jan wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, kofin ne yake ɗaga allurar gudu. Na biyu, tana juya wasu ƙananan giyoyi masu zare irin na noti, waɗanda aikinsu shi ne rage saurin juyin nan sosai da sosai, ta yadda sai wayar ta juya sau ɗaruruwa kafin lamba ɗaya ta motsa.

Lambobin kansu a jikin wasu 'yan zobba suke, an jera su a kan sanda ɗaya, kowane zobe da 0 zuwa 9 a jikinsa. Idan na dama ya zagaya sau ɗaya cif, wani ɗan haƙori a gefensa sai ya tura maƙwabcinsa na hagu taki ɗaya. Lissafin firamare ne sak, a rubuta sifili a riƙe ɗaya, sai dai nan roba da ƙarfe ne suke riƙe ɗayan. Shi ya sa tsofaffin motoci masu zobe biyar idan suka kai 99,999 sai su koma sifili, tsohuwa ta wayi gari jaririya. Ita ƙaramar mita nata zobban daban ne, an yi su yadda tsinken zai iya sakinsu daga giyar ya jera su duka a kan sifili. Ranar da Oga ya ba ni na juya wayar da hannuna ina kallon zobban suna bin juna, wallahi na fi gane darasin giya fiye da duk zanen da muka kwafa a aji.

Dabarar ma ba ta zamanin mota ba ce. Wani injiniyan Rumawa mai suna Vitruvius ya bayyana irinta tun kafin haihuwar Annabi Isa: keken doki mai giyoyi, duk mil ɗaya sai ɗan dutse ya faɗa cikin akwati, idan an sauka a ƙirga duwatsun. Mutanen Sin kuma sun yi keken da wani ɗan mutum-mutumi na katako yake buga ganga duk lokacin da aka cika wani nisa. Su ma dai juyin ƙafar keken suke ƙirgawa.

Motocin yanzu babu kebur. An maye gurbinsa da sensa. A jikin giyabos, ko a bayan kowace taya inda sensar birkin ABS take, akwai wani zobe na ƙarfe mai haƙora da yake juyawa tare da tayar. Sensar tana kusa da shi ba ta taɓa shi. Duk haƙorin da ya wuce ta gabanta sai ta aika bugu ɗaya na lantarki, kamar bugun zuciya. Kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, ko kuma allon kansa, shi yake ƙirga bugun. Yawan bugu a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne gudu, jimillar bugun kuma shi ne nisa. Lambar babbar mita ana adana ta a wata ma'ajiya da ba ta gogewa ko an cire batir. Ta ƙarama kuwa, a motoci da yawa, da zarar an cire kan batir ta tafi. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Tunda tushen gudu da nisa ɗaya ne, idan ka shiga motar haya ka ga allurar gudu a kwance ana ta sheƙa gudu, to kusan kullum mitar nisan ma ta mutu. Kuma kun san irin waɗannan motocin ba su da wuyar samu a tashoshinmu.

Yanzu bari mu ɗan taɓa lissafi, ba mai yawa ba. A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15, wanda ake yawan gani a Corolla da Golf. Lambar 195 faɗin tayar ne a milimita. Ita 65 tana nufin tsayin robar daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa kaso 65 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 127. Ita kuma 15 faɗin rim ne a inci, wato milimita 381. Ka haɗa rim da roba ta sama da ta ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama kimanin milimita 634. Ka ninka da 3.14, ka samu kusan mita 2. Ma'ana duk juyi ɗaya mota ta ci kusan mita 2, kilomita ɗaya kuma juyi 500 ne da 'yan kai. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, kowace taya ta juya wajen sau 115,000.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan mita 2 ɗin kamfani ne ya saka wa motar a ka, kuma ba ta da hanyar sanin an sauya mata taya. Mu kuwa a nan, saboda ramuka da kwazazzabai, mutane suna son taya mai tudu don mota ta ɗan ɗaga. A ce mai Corolla ya cire tasa ya saka 205/70 R15. Wannan tsayinta milimita 668 ne, juyinta ɗaya ya kai kusan mita 2.1. Motar tana nan tana lissafi da tsohon awo. Sai ka yi tafiyar kilomita 100 ta rubuta maka 95, kana gudun 105 allura tana nuna 100. Haka kuma idan taya ta suɗe, ta rage tsayi, sai mitar ta riƙa ƙara maka, amma wannan bai cika wuce kaso 2 cikin ɗari ba. Wanda yake son ya gwada tasa, ya mayar da ita sifili ya yi tafiya mai ɗan nisa a miƙaƙƙen titi, ya kwatanta da abin da taswirar wayarsa ta nuna. Idan bambancin ɗan kaɗan ne a bar shi, idan ya yi yawa a duba lambar taya a kwatanta da wadda aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Me ake yi da ita? Babban aikinta, musamman a wannan zamanin, shi ne sanin yadda mota take shan mai. A da, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ba kowa ne ya damu ba. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu a wurare da yawa. Tun daga nan kowa ya zama ɗan lissafi. Sai dai yawancin lissafin na baka ne: "motar nan tana sha," "wannan ba ta sha." Ka tambayi mutum nawa take sha, sai ya ce yana zuba na dubu goma ya yi kwana biyu. Kwana biyu zuwa ina? Wannan ba awo ba ne.

Awon gaskiya ba shi da wahala. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfon ya katse da kansa, kada ka ce a ƙara ɗura mata har wuya. Kafin ka tayar, ka mayar da TRIP A sifili. Ka yi harkokinka yadda ka saba. Idan mai ya yi ƙasa ka koma, in so samu ne gidan man nan da famfon nan, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Sai ka raba kilomitar da ke kan mita da wannan litar. A ce mita ta nuna 360, ka zuba lita 40, to motarka tana yin kilomita 9 a lita ɗaya. A ce kuma lita naira 900 ce, kowace kilomita naira 100 take ci maka. Daga nan ba sai ka yi canki-canka ba: zuwa biki Gaya ko kai kaya Bichi, ka san abin da zai ci tun kafin ka fita. Allurar mai ba za ta ba ka wannan ba, don tanki ba murabba'i ba ne, rabin allura ba lallai rabin tanki ba ne. Duk direba ya san rabin sama ya fi rabin ƙasa auki.

Wannan shi ne abin da na koya a gareji, kuma da zafinsa na kai wa Kawuna.

Kawu ɗan kasuwa ne a Kwari, yana aika atamfa da shadda wa abokan cinikinsa na Kaduna. Yana da direba, dattijo mai 'ya'ya, shekara tara suna tare. A lokacin Kawu bai daɗe da sayar da tsohuwar motarsa ya sayi Sienna ta hannu ba, kuma kullum cikin ƙorafin kuɗin mai yake. Na ce masa, "Kawu, ai wannan abu ne mai sauƙi, bari in auna maka." Ranar da za a yi tafiya na bi su gidan mai aka cika tanki, na danna tsinke da hannuna. Washegari da motar ta dawo muka koma aka sake cikawa a gabana. Lita 52 ta shiga. Na leƙa mita, 286. Na ciro waya na raba, ya ba ni 5.5.

Na ce, "Kawu, motar nan ko da kaya bai kamata ta gaza takwas zuwa tara ba a doguwar hanya. A wannan nisan lita 32 ya kamata ta sha."

Kawu bai ce komai ba, ya dai dubi direban. Lita ashirin a tafiya ɗaya, kuma kusan kowane mako ana tafiyar. Kowa ya san abin da ake nufi idan mai ya ɓace a hanya: an tsaya wani wuri an zura tiyo an sayar wa 'yan bumburutu. Dattijon nan ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa ɗibar maka ko cokali ba. Motar ce ta fi waccan ci." Kawu ya ce, "Ni ma ban ce ka ɗiba ba. Lissafi ne ya faɗa." Ya karɓi makulli ya ce ya je gida ya huta zuwa ƙarshen mako. Mun san ma'anar irin wannan hutun.

Ni kuwa har da ɗan jin kai, wai na kama ɓarawo da ilimin boko. Da na koma gareji na ba Oga labari. Yana ƙarƙashin wata mota, bai ko fito ba ya ce, "Kano zuwa Kaduna kilomita nawa ne?" Na ce ɗari biyu da wani abu. Ya ce, "Zuwa da dawowa fa?" Nan na yi shiru. Zuwa da dawowa ya kai 460, ni kuma mitata ta ce 286, kuma ban tsaya na tambayi kaina ina sauran suka tafi ba. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Motar daga wace ƙasa ta shigo?" Na ce Amurka. Ya ce, "Je ka duba abin da aka rubuta a fuskar mitar gudun."

MPH aka rubuta. Manyan lambobin na mil ne, na kilomita ƙanana ne a ciki. Amurka da Ingila da mil suke awon hanya, kuma motar da aka yi don kasuwarsu da mil take ƙirga nisa, babbar mita da ƙarama duka. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Ka ninka 286 da wannan, ka samu 460 cif. Ka raba da lita 52, ya ba ka 8.8. Wato motar lafiyarta ƙalau, direban kuma ko ɗigo bai taɓa ba. Tsohuwar motar Kawu 'yar Turai ce mai kilomita, kuma ƙaramin inji gare ta, shi ya sa kuɗin man sabuwar ya yi masa yawa a ido.

Daren nan na je na sami Kawu da takarda da biro. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To kai za ka je ka ɗauko shi, tunda kai ka kore shi." Tafiyar nan zuwa gidan dattijon ita ce mafi nauyi da na taɓa yi. Na durƙusa na ce, "Baba, kuskurena ne, ka yafe mini." Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma sai da ya ƙara da cewa matarsa kwana biyu ba ta yi barci ba.

Ina roƙon duk wanda gidansu akwai Camry ko Sienna ko Accord da ta shigo daga Amurka ya duba wannan yau. Ba a lissafin mai kaɗai abin yake tsayawa ba. Allura a kan 80 a irin wannan motar kusan kilomita 129 ne a awa, ba 80 ba. Kuma idan dillali ya nuna maka mileji 150,000, a kilomita ya haura 240,000. Wasu sababbin motocin ana iya sauya musu awo daga cikin allon, tsofaffin kuwa sai dai ka riƙa ninkawa da 1.6 a kanka.

Sauran amfanin ƙaramar mita ba sa buƙatar dogon bayani. Wanda gejin mansa ya mutu, kuma suna da yawa, ita ce gejinsa. Idan ka san motarka tana yin kilomita 9 a lita, ka zuba lita 20, ka san kana da wajen 180. Ka danna sifili a gidan mai, idan ta doshi 140 ka fara neman wani. Kada ka jira sai ta shanye, don famfon mai na cikin tanki da man yake samun sanyi, yawan tafiya a kan ƙarshen tanki yana gajarta masa kwana. Masu babur sun daɗe da sanin wannan dabarar, tunda da yawa ba su da geji sai rizab. Wanda babur ɗinsa ba shi da ƙaramar mita sai ya rubuta lambar babbar a waya duk ranar da ya sha mai, ya riƙa debewa.

TRIP B kuma mutane suna barin ta don juye. Ranar da aka sauya baƙin mai a mayar da ita sifili, idan ta kai adadin da littafin motar ya faɗa, ko kilomita 5,000 da yawancin makanikanmu suke ba da shawara saboda ƙura da zafi, a koma gareji. Ni dai ban cika yarda da ita ita kaɗai a wannan aikin ba. A wasu motocin tana kaiwa 999.9 take komawa sifili da kanta, kuma na faɗa a baya cewa cire batir yana iya share ta. Mai gyaran waya ya cire kan batir na minti biyar, lissafin wata uku ya tafi. Gara a rubuta lambar babbar mita a 'yar takarda a manna a jikin ƙofa, TRIP B ta zama tuni kawai.

Akwai kuma kwatance. Idan za ka ƙauyen da babu sabis, kwatancen "ka wuce wata bishiyar kuka sai ka yi dama" yana iya kai ka wani gari daban, don kuka ba ɗaya ba ce. Amma idan wanda ya san hanya ya ce maka daga kwanar kaza ka danna sifili, a 7.4 ka saki kwalta, ba ka da matsala. Masu tseren motoci a sahara, irin gasar Dakar da a shekarun baya take ratsawa ta Agadas, da wannan dabarar suke bin hanya: na gefen direba yana riƙe da littafin kwatance da mitar nisa ta musamman. Ma'aikatan da ofis yake biyan kuɗin tafiya da kilomita su ma da ita suke cike takarda. Mu ɗalibai kuma, idan aka yi karo-karon mai a motar aboki za a je ɗaurin aure ko ɗibar bayanan furojet, ita ce take raba gardamar wa ya ci wa.

Abin da ba za ta iya gaya maka ba shi ne man da aka ƙona a tsaye. Mota tana cikin cunkoso a Kurna, ko an faka ana jiran Hajiya an kunna esi, inji yana sha, taya ba ta juyawa, mita ba ta motsi. Shi ya sa awon cikin gari kullum yake fin na doguwar hanya muni, kuma zalunci ne a auna direban cikin gari da lambar da aka samu a hanyar Kaduna. Awo ɗaya ma ba ya isa a yanke hukunci, sai an maimaita sau uku ko huɗu an ga inda lambar take zama. Sannan tsinken nan kowa yana iya danna shi, har yaro mai wasa. Wanda yake son lissafin da ba a taɓawa sai ya rubuta lambar babbar mita a farkon tafiya da ƙarshenta, bambancin dole ya yi daidai da abin da ƙaramar ta nuna. Ita ma babbar, a gaskiya, akwai masu mayar da ita baya da kwamfuta kafin su sayar da mota. Idan ka ga mileji kaɗan amma robar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, to ka yarda da kujerar.

Wasu za su ce motocin yanzu ai suna nuna shan mai da kansu a allo. Haka ne, amma kiyasi ne kwamfuta take yi daga yadda take buɗe nozul, kuma sau da yawa tana ɗan yi wa kanta kirki. Na famfo da mita shi ne wanda aljihunka ya biya.

A motar Kawu yanzu akwai wani ɗan littafi mai bangon ruwan ƙasa a aljihun gaba. Baba direba ne ya saya da kuɗinsa, shi yake rubutawa: kwanan wata, lambar babbar mita, abin da ƙaramar ta nuna, litar da aka zuba. Ninkawa da 1.6 ɗin a wayarsa yake yi. Watanni lambar tana yawo tsakanin 8.5 da 9. Ana nan wani mako ta sauko 7.6, na gaba 7.4, hanya ɗaya, kaya kusan ɗaya. Shi da kansa ya kawo wa Kawu littafin ya ce a kai motar a duba. Muka duba fulogi lafiya, filtar iska ba ta toshe ba. Da Oga ya ɗaga bayan motar ya juya tayar hagu da hannu sai ta ƙi sakewa, birkin ne yake kamawa, rim ɗin har ya yi zafi. Aka kwance aka wanke aka sa giris. Tafiyar da ta biyo baya Baba ya rubuta 8.7.